Kafin Ka Biya Kuɗin Otal a Maldives

Hotunan ɗakunan nan na kan ruwa kan sa mutum ya yi garajen biyan kuɗin otal, sai ya sauka a filin jirgin Velana, kusa da Male babban birnin ƙasar, ya tarar da sauran tafiya a gabansa. Maldives tsibirai ne kusan 1,200 a warwatse cikin Tekun Indiya, kuma yawancin manyan otal kowanne da tsibirinsa. Ba ka isa sai da kwalekwale mai inji ko ƙaramin jirgin sama mai sauka kan ruwa. Kuɗin wannan galibi daban ne, yakan kai ɗaruruwan daloli ga mutum ɗaya.

Don haka tun kana gida ka tambayi otal: nawa ne zuwa da dawowa, kuma yana cikin lissafin da suka ba ka? Su rubuto maka, kada ka yarda da zancen baka. Ka kuma duba lokacin saukarka, domin jiragen saman masu sauka kan ruwa ba sa tashi da dare. In ka iso bayan la'asar sakaliya, shirya kwana a Male ko Hulhumale da ke kusa da filin jirgin, daga aljihunka.

In guzurin bai taka kara ya karya ba, ni dai na fi son tsibiran da jama'a ke zaune, irin su Maafushi. Masauki da sauƙi, ga masallaci, abinci kuma halal ne tunda ƙasar Musulmi ce. Amma jirgin fito na gwamnati mai zuwa can ba ya aiki ran Juma'a.

Mai tasowa daga Najeriya ya riƙe katin rigakafin cutar shawara. Daga Mayu zuwa Oktoba kuwa damina ce, teku kan yi fushi.