Darasi Na Bakwai: Gyaran Tsarin Shafi Mai Yawan Hotuna

7.1 Gabatarwa

Hoto babban kayan aiki ne wajen koyar da harshe da al'ada, domin yana kawo wa ɗalibi abin da ba ya nan a gabansa. Sai dai idan hotuna suka yi yawa a shafi ba tare da tsari ba, sukan danne rubutu, yaro ya yi ta kallo bai karanta komai ba. Wannan darasi zai yi bayani a kan matsalolin da malami kan fuskanta idan yana shirya takardar darasi ko mujallar makaranta, da hanyoyin magance su. Za a yi misali da takarda mai hotunan marinar Ƙofar Mata ta Kano.

7.2 Cunkoso

Matsala ta farko ita ce cunkoso. Malami kan jera hoto takwas a shafi ɗaya, duk girmansu ɗaya, idon yaro ya rasa inda zai fara. Maganin wannan shi ne a zaɓi hoto ɗaya wanda ya ɗauki jigon darasin, misali marini a bakin karofi, a ba shi fili babba. Sauran a ƙanƙanta su, a jera su bisa matakan aikin: haɗa baba, tsoma zane, shanya, bugu. Duk hoton da bai ƙara wani bayani ba a cire shi. Haka kuma a bar farin fili a gefuna da tsakanin hotuna, domin nan ne ido yake hutawa.

7.3 Raba Hoto da Bayaninsa

Sau da yawa akan tarar hoton bugu yana shafi na biyu, bayaninsa kuwa yana shafi na uku. Ya kamata kowane hoto ya zauna kusa da sakin layin da ya yi magana a kansa, a ba shi lamba da gajeren bayani a ƙarƙashinsa. Da an gama tsarin, sai a mayar da aikin PDF kafin a kai wurin bugawa, domin hotuna kan goce idan aka buɗe takardar a wata kwamfuta.

7.4 Girman Rubutu da Tsawon Layi

Takardar A4 tana da faɗin santimita 21 da tsawon 29.7. Idan aka bar santimita 2.5 a kowane gefe, saura 16. Masana ɗab'i suna ganin layin da ya fi daɗin karatu shi ne mai haruffa tsakanin 45 zuwa 75. Rubutu mai lamba 12 a faɗin santimita 16 yakan zarce haka, don haka sai a raba shafin gida biyu. Kuskure ne a rage girman rubutu domin hoto ya samu wuri. 'Yan firamare na buƙatar rubutun da ya fi na manya girma, da sarari tsakanin layuka.

7.5 Dusashewar Hoto da Launi

Hoton da za a buga yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci. Ke nan hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigo 1200 da 1800. Wanda aka turo ta WhatsApp yawanci an matse shi, don haka gara a nemi na asali. Wajen ƙara girman hoto, a ja shi ta kusurwa, domin ja ta gefe yana mayar da karofi mai da'ira kamar ƙwai. Bugu da ƙari, ja da kore sukan koma toka-toka iri ɗaya a fotokwafi. Saboda haka baƙin rubutu a kan farar takarda ya fi, kuma kada a ɗora rubutu a kan hoto.

7.6 Haruffa Masu Lanƙwasa

Wannan matsala ta shafi malamin Hausa kai-tsaye. Wasu nau'o'in rubutun kwamfuta ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai ɗan akwati ya fito a gurbinsu, ko kuma mai bugawa ya sa b da d da k. Nan take ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari, ma'ana ta sauya, yaro kuma ya haddace kuskure. Nau'o'in Charis SIL da Andika suna da waɗannan haruffa, kuma an tsara Andika ne musamman domin masu koyon karatu.

7.7 Kammalawa

Kafin a buga kwafi da yawa, malami ya fara buga ɗaya, ya ba ɗalibi ɗaya ya karanta a bayyane. Duk inda yaron ya tsaya, ko ya tsallake layi, ko ya kasa gane hoton da ake nufi, nan ne gyara yake.

7.8 Jinga

1. A kawo matsaloli uku na shafi mai yawan hotuna tare da maganin kowace.
2. A tsara shafi ɗaya mai hoto huɗu a kan sana'ar ƙira.