Inda Likita Yake Nesa

'Ya'yana na Dandin Mahe, musamman ku da ke sakandare kuna sha'awar aikin lafiya, ku matso in ba ku labarin wasu matafiya da suka fi kowa nisa da asibiti.

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kewaya duniya a tsayin kusan kilomita 400, kuma waɗanda ake turawa cikinta sukan yi wata shida. Can babu nauyi, alhali Allah ya gina jikinmu ne a kan ɗaukar nauyi. Sai ƙashi ya riƙa zaizayewa, wajen kashi 1 cikin 100 kowane wata, tsoka ta saki, ruwan jiki ya taru a kai har fuska ta kumbura, wasu ma ganinsu ya raunana. Shi ya sa suke motsa jiki na kusan awa 2 kullum, ɗaure da maɗauri a kan injin gudu. Wani likita ɗan Rasha, Valeri Polyakov, ya yi kwana 437 a wata tashar sararin samaniya mai suna Mir daga 1994 zuwa 1995, don a gane ko jikin ɗan Adam zai jure tafiya duniyar Mars.

Amma ga wanda ya fi taɓa zuciyata. A farkon 2020 likitoci suka bayyana cewa an taɓa gano gudan jini a jijiyar wuyan wani ɗan sama-jannati, wata biyu da isarsa tashar nan ta ƙasa da ƙasa. Shi da hannunsa ya riƙa ɗora na'urar hoton ciki a wuyansa, ƙwararru daga ƙasa suna kallo suna ce masa matsa nan, karkata can. Allurar tsinka jinin da ke akwatin maganinsu ba ta da yawa, sai aka auna ta yadda za ta kai kusan kwana 40, har jirgin kaya ya kawo ƙwayoyi. Ya kammala aikinsa, ya sauko lafiya.

Tafiyar Mars ta fi wannan wuya. Zuwa kaɗai wajen wata bakwai ne, ba juyowa a tsakiya, kuma saƙo yakan kai minti 20 kafin ya iso duniya, amsa ma haka. Wanda jini ke zuba daga jikinsa ba zai iya jiran wannan ba. Dole wanda ke kusa da shi ya san abin yi.

To, ku duba garinmu. Idan naƙuda ta zo da gardama da tsakar dare a cikin damina, ko yaro ya kama amai da gudawa, kafin a samu mota a bi ta Boɗinga a kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, abubuwa da yawa sun faru. A wannan tsakani, ku ne a wurin.

Don haka ina roƙonku, kada ku jira sai kun zama likitoci. Ku je wurin ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi, ku gaishe shi da ladabi, ku ce ya nuna muku yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, da yadda ake danne rauni da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, da yadda ake kwantar da mai jijjiga a kan gefensa ba tare da an cusa masa cokali a baki ba. 'Yan matanmu, ku riƙe makarantar ungozoma da muhimmanci. Wallahi muna bukatarku.

Maganin da ke gida kuwa, ku duba ranar lalacewarsa, ku ɗauke shi daga zafin bazara. Ku ajiye lambar wayar ma'aikacin lafiya da ta direba guda. In kun kira, ku natsu ku faɗi shekarun mara lafiya, yaushe ciwon ya fara, me aka ba shi, sau nawa, sannan ku yi shiru ku saurari abin da za a ce ku yi.