Koya wa Ɗalibai Dabarun Mutanen Dā a Dutsen Dala

Dutsen Dala shi ne mafarin birnin Kano. Binciken kayan tarihi ya nuna ana narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin Sarki Gijimasu ya fara gina ganuwa. Don haka ya dace da darasin aikin hannu.

A fara da neman izinin iyaye da sanar da mai unguwa. A fita da sassafe kafin rana ta take, da ruwan sha da kayan agajin gaggawa. A kasa yara rukuni-rukuni, kowane da malaminsa, musamman wajen hawa matakala.

A gindin dutsen, maƙeri ya nuna yadda ake kunna wuta da ƙyastu da ƙanƙara, yara na kallo daga ɗan nesa. Su kuma su niƙa gero a dutsen niƙa, su tufka igiya da rama ko kaba, su gina ƙananan tukwane da yumɓu. A koya musu gane goriba da kanya da magarya, tare da gargaɗin kada su ci abin da ba su sani ba.

A kammala da ziyartar Gidan Makama, su kwatanta abin da suka yi da kayan tarihin da ke ajiye.