Dutsen tunawa da sojoji

A ƙasar Faransa, kusan kowane ƙauye yana da dutsen tunawa da sojoji. Sau da yawa yana tsaye kusa da majami'a, ko cikin maƙabarta.

An kafa yawancin duwatsun nan tsakanin 1920 da 1925, bayan Yaƙin Duniya na Farko. Faransa ta rasa sojoji wajen 1.400.000 a yaƙin, har da ƴan Afirka. Gawawwaki da yawa ba su komo gida ba. Sai mutanen ƙauye suka tara kuɗi, aka sassaƙa sunayen ƴaƴansu a jikin dutse. Wani wuri akan ga wa da ƙane jere da juna.

Kowace shekara, ranar 11 ga Nuwamba, magajin gari da ƴan makaranta sukan kawo furanni. Akan karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Ruwa da iska suna cinye rubutun. Saboda haka ake wanke dutsen, ana gyara haruffa, don kada sunan kowa ya ɓace.

Tambayoyi
1. Ina ake kafa dutsen?
2. Don me ake gyara haruffa?