Haɗa Allunan Wasa da Yawa a Akwati Ɗaya: Nazarin Ƙa'idar JAMMA da Iyakokinta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda ake haɗa allunan wasan bidiyo da dama a cikin akwati guda, irin wanda ake jefa wa tsabar kuɗi a gidajen wasa. Maƙalar ta nuna cewa nasarar aikin ta rataya ne a kan ƙa'idar haɗin waya da kamfanoni suka amince da ita, kuma inda ƙa'idar ta tsaya, nan matsaloli suke farawa.

1.0 Gabatarwa

A nan, "allo" na nufin farantin lantarkin da wasa yake ciki, "akwati" kuwa shi ne ginin katakon da ke ɗauke da sikirin da lasifika da sandar sarrafawa da maɓallai. A farkon shekarun 1980, kowane kamfani da irin haɗin wayarsa. Idan 'yan wasa suka gaji da wani wasa, sai mai gidan ya warware wayoyin akwatin ya sake ɗaura su, ko ya sayi sabo. A tsakiyar shekarun 1980 ne ƙungiyar masu ƙera injinan nishaɗi ta Japan, wato JAMMA, ta fito da mahaɗi na bai-ɗaya.

2.0 Tsarin Mahaɗin

Mahaɗin yana da haƙora 56, wato 28 a kowane gefe. Ta cikinsu wuta take shiga allo a matakai uku: bolt +5 da -5 da +12. Ta nan kuma hoto yake fita cikin launin ja da kore da shuɗi, tare da sauti mai hanya ɗaya. An tanadar wa 'yan wasa biyu sanda ɗai-ɗai da maɓallai uku-uku.

3.0 Hanyoyin Haɗawa

Hanya ta farko ita ce amfani da na'urar sauyi, wadda ake sanyawa tsakanin wayoyin akwati da alluna biyu, ko har shida. Idan aka danna maɓallinta, sai ta juya hoto da sauti da sarrafawa zuwa allon da aka zaɓa. Hanya ta biyu ita ce ta kamfanin SNK, wanda a shekarar 1990 ya fitar da Neo Geo MVS: allo guda mai gurabun kaset ɗaya ko biyu ko huɗu ko shida.

4.0 Inda Gizo ke Saƙa

Na farko, maɓallai. Wasan Street Fighter II na kamfanin Capcom, wanda ya fito a 1991, yana buƙatar maɓallai shida, don haka ukun shuri suna bin wata damin waya ta daban. Na biyu, zaman sikirin. An tsara Pac-Man na 1980 don sikirin na tsaye. A akwati mai sikirin na kwance hotonsa zai fito a kishingiɗe, ga shi kuma ya girmi ƙa'idar, sai an nema masa mahaɗin tsakani. Na uku, wuta. Alluna sun bambanta wajen jan wuta, saboda haka wajibi ne a auna bolt 5 a bakin kowane allo, domin idan ya haura ƙima yana iya ƙona shi. Na huɗu, sauti. Allunan MVS masu gurabu da yawa suna fitar da sauti ta hanya biyu, kuma sanya su kai-tsaye a akwatin JAMMA na iya lalata sashen sautinsu.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa shigar allo cikin mahaɗi ba ita ce shaidar dacewarsa ba. Tun da an daina ƙera waɗannan alluna, duk wanda ya ƙone ya rage adadin da ya saura ga masu adana tarihin fasahar. Don haka, kafin a kunna wuta, a tantance maɓallai da zaman sikirin da ƙarfin wuta da hanyar sauti na kowane allo.