Ta Wace Ƙofa Talauci Yake Shiga Gida?

Mai karatu, a watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne a cikinsu, mata kuwa 33, da yawansu kuma mutanen ƙasar Kance ne. Me zai fid da mace daga ɗakinta da goyo a baya, ta nufi ƙasar da ba ta jin harshenta domin ta yi bara? Abin da za mu bincika ke nan cikin wannan darasi.

Waɗansu sukan ce lalaci ne. Wanda ya faɗi haka bai ga gonakin Kance da Matameye ba, inda da wuya ka sami daji da ba a nome ba, ga itatuwan gawo da manoma suka raya da hannunsu.

Sai mu fara da gona. A ce mutum ya rasu ya bar gona wadda takan ba da dami 80, ya bar 'ya'ya maza huɗu, ban da mata. Gandu ya watse, kowa ya ɗauki rabonsa. Kowannensu kuwa zai yi aure ya haifu, amma gonar ba ta haihuwa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan 400,000 a wannan yanki. Ba sauran fili da za a bar gona ta huta, sai ƙasa ta gaji.

A dā gyaɗa ce takan rufa wa mai gida asiri. Kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, yakan saya da kaka, mutum ya biya haraji, ya yi sutura, bai taɓa rumbu ba. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan ciniki. Tun daga nan hatsin ci ya zama shi ne kuɗin gida.

To, ka lura da abin da yake biyo baya, gama nan ne ƙofar da ta fi faɗi. Da kaka hatsi yana da araha, a lokacin ne kuma masu bin bashi suke sallama, biki da suna suke taruwa. Mai gida ya kai hatsi kasuwa ya sayar da araha. Kafin damina ta yi nisa rumbu ya ƙare, sai ya koma ya sayi tiya da tsada, watakila a hannun wanda ya sayar wa. Ba kuɗi, sai ya tafi barema gonar wani domin abincin yau, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye. Kaka ta zo da ɗan kaɗan, bashi ya fi na bara. In zazzaɓi ya kama yaro a tsakiyar wannan, akuya ta tafi, bayanta kuma a jinginar da gona. Ba mu ce a bar zumunci ba, amma bikin da aka yi da bashi, yaran gidan ne suke biyansa da cikinsu.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mai gida. Sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakarta a 2019, aka kuma sāke rufewa a 2023, 'yan cin rani da masu kai dabbobi kasuwannin wajen Daura sun ji a jikinsu.

Yanzu fa ka ɗauki takarda. Rubuta dami nawa ka ɗaure bara, nawa ka sayar kafin sanyi ya wuce, domin me ka sayar, a wane wata kuma rumbunka ya ƙare. Sa'an nan ka kira matarka ku duba tare, gama ita ce take auna tiya kowace safiya.