Kafin Ka Sauya Sifiroket, Ka Fara Ƙirga Haƙora

Duk wanda ya mallaki babban babur na gudu, ko Yamaha R6 ne, ko Honda CBR, ko Suzuki GSX-R, ba ya daɗewa sai wani ya ba shi shawara a gareji: "Rage haƙori ɗaya a gaba, ka ƙara biyu a baya, za ka rantse sabon inji aka saka maka." Maganar ba ƙarya ba ce. Inda take da matsala shi ne ana ba kowa ita ba tare da an tambaye shi wane babur yake hawa ba, ko a wace hanya, ko mene ne ma yake damunsa da yadda babur ɗin yake a yanzu. Shi ya sa wani zai sauya ya ji daɗi, wani kuma ya sauya bayan mako biyu ya dawo yana kukan babur ya koma shan mai, inji na ihu a kan babbar hanya.

Lissafin abin ba shi da wuya. Sifiroket biyu ne sarƙa ta haɗa, ƙarami a gaba a bakin giya, babba a jikin tayar baya. Ka raba adadin haƙoran na baya da na gaba, lambar da ka samu ita ce komai. Yamaha R6 ƙirar 2006 zuwa 2016 tana fitowa daga kamfani da haƙora 16 a gaba, 45 a baya, wato 2.81. Ma'ana sai na gaba ya juya kusan sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. In lambar nan ta ƙaru, giya ta gajarce: babur zai riƙa fizga da wuri, amma kowace giya za ta ƙare da wuri. In ta ragu, giya ta yi tsawo: tashi zai yi nauyi, inji kuma zai samu sauƙi a doguwar tafiya. Wanda ya taɓa hawa tudu da keke mai giya ya san wannan a ƙafarsa, domin ƙarfin cinyarsa bai ƙaru ba, yadda ake raba shi ne ya sauya. Haka injinka. Sifiroket ba ya ƙara masa doki ko ɗaya.

To mu gwada shawarar gareji a kan R6 ɗin nan. Haƙora 15 da 47 suna ba da 3.13, wato an gajarta giya da kusan kashi 11 cikin ɗari. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. A ce a da kana tafiyar kilomita 120 a awa inji na juyi 6,000 a minti, yanzu zai koma wajen 6,700 a gudu ɗaya. A cikin gari da wurin tsere mai yawan kwana, abin daɗi ne. Daga Abuja zuwa Kaduna kuwa, hannu zai riƙa jin karkarwa, tanki kuma zai riƙa sauka da sauri. Da mutum ya tsaya ga ƙara biyu a baya kawai, 16 da 47, da sauyin bai kai kashi 5 ba. Da ya rage ɗaya a gaba kawai, 15 da 45, da ya samu wajen kashi 7. Ka riƙe wannan: haƙori ɗaya a gaba ya kusa daidai da uku a baya.

Akwai dalilin da ya sa kamfanoni ke barin giya da ɗan tsawo. Dokokin ƙara da na hayaƙi a Turai da Japan suna da tsauri, kuma injin da ke juyi a hankali ya fi saurin tsallake gwaji. Saboda haka gajarta giya kaɗan ba laifi ba ne, su kansu kamfanonin suna yi. BMW ta fito da S1000RR da 17 da 44, a ƙirar 2012 ta mayar da na baya 45. Kawasaki ta rage na gaban ZX-6R daga 16 zuwa 15 a ƙirar 2019. Amma ka lura, haƙori ɗaya ɗaya suka taɓa, su da ke da injiniyoyi da filin gwaji.

Abin da ya fi hana samari barci shi ne ƙarshen gudu. Suna tsoron in sun gajarta giya za a wuce su. Gaskiyar magana, a irin wannan gudun iska ce ke tare babur, kuma ƙarfin da ake buƙata don ninka gudu sau biyu ya kai kusan ninki takwas. Babura da yawa ba sa ma iya kai allura jan layi a giya ta shida da sifiroket ɗin kamfani, don haka gajartawa kaɗan ba ta rage musu wani abin kirki. Wanda kuma ya tsawaita giya don ya ƙara gudu, sau da yawa raguwa yake samu, saboda inji ya kasa jan ta shidan. Ban da haka, tun wajen shekarar 2000, bayan Suzuki Hayabusa ta 1999 ta haura kilomita 300 a awa, manyan kamfanoni suka amince a tsakaninsu su taƙaita baburansu a 299. Ni dai ban san titin da ke ƙasar nan da mai hankali zai je neman wannan lamba ba, ga ramuka, ga dabbobi, ga tirela ta yi fakin ba fitila.

Girman inji ma yana da ta cewa. Babur mai 600cc ƙarfinsa yana can sama, ƙasa da juyi 8,000 kusan barci yake, shi ya sa gajarta giya ke farkar da shi. Mai 1000cc kuwa a giya ta ɗaya kaɗai yana haura kilomita 140 a awa, kuma ko ba a taɓa shi ba yana ɗaga tayar gaba in aka murɗa totur da garaje. In ka ƙara masa kashi 11, ka ƙara wa kanka aiki. Wanda bai shekara a kan irin wannan babur ba, shawarata ya bar sifiroket yadda yake.

Yanzu ga abin da nake so ka fara yi, ɗan'uwa, tun ba ka ciro ko naira ba. Yawancin manyan baburan da ke hannunmu na hannu ne, sun yi rayuwa a Amurka ko Japan ko Turai kafin su iso. Mai shi na farko wataƙila ya riga ya sauya. Ka duƙa ka duba na baya, yawanci an buga lambar a jikinsa, in babu ka sa alli ka ƙirga. Ka sa bakanike ya buɗe murfin na gaba shi ma a gani. Sannan ka kwatanta da abin da littafin babur ɗin ya ce. Ba sau ɗaya ba ana samun mutum ya rage ɗaya a kan wanda aka riga aka rage, ya wayi gari da haƙora 14 a gaba. Sifiroket ɗin gaba in ya ƙanƙance da yawa sarƙa tana lanƙwasa fiye da kima, tana saurin ci, tana kuma goge robar da ke kan ƙarfen da ke riƙe da tayar baya.

Bayan an sauya, akwai abin da kan ruɗi mutane, wato agogon gudu. In babur ɗinka daga giya yake karanta gudu, kamar R6 ɗin da muka yi misali da ita, agogon zai fara ƙari. Zai nuna maka 100 alhali ba ka wuce 90 ba, lissafin kilomitan da ka ci shi ma zai riƙa hauhawa, ranar sayarwa ka yi asara a banza. Akwai ƙaramar na'ura mai suna SpeedoHealer da ake gyara wannan da ita. Baburan da ke karantawa daga na'urar birkin ABS a jikin taya ba su cika samun wannan matsala ba, sai dai wasu sababbi masu kwamfutar hana taya zamewa suna iya rikicewa, don haka a bincika kafin a taɓa. Sannan duk haƙori ɗaya da ka ƙara a baya yana jawo tayar baya zuwa gaba da kimanin milimita 4 in sarƙar ba ta sauya ba. Babur zai ɗan gajarce, ya fi saurin shiga kwana, ya kuma fi son ɗaga kai. In ka wuce biyu ko uku, sai dai a sayi sarƙa mai tsawo.

Sai maganar ƙarfe. Za a nuna maka sifiroket na alminiyum mai launi, ja ko ruwan zinare, a ce maka mara nauyi ne. Haka ne, don tsere aka yi shi, inda ake sauyawa a kai a kai. A ƙurar hunturu da yashin titunanmu, man sarƙa yana haɗuwa da ƙasa ya riƙa cin haƙoran, alminiyum kuma ba ya jurewa kamar ƙarfe. Ka sayi na ƙarfe, ko irin na Supersprox mai cikin alminiyum da haƙoran ƙarfe. Haka batun komawa sarƙa 520 daga 525 ko 530. Tazarar gaɓoɓinsu ɗaya ce, milimita 15.875, faɗi ne ya bambanta, kuma 520 ta fi siranta da rashin nauyi. A kan 600cc, in sarƙar ta kirki ce irin ta DID ko RK ko EK, babu damuwa. A kan Hayabusa da makamantanta, ka bar 530 ɗinka. Kuma lambar sarƙa da ta sifiroket biyun dole su zama ɗaya.

Kada ka ɗora sabon sifiroket a kan tsohuwar sarƙa, ko sabuwar sarƙa a kan haƙoran da suka fara lanƙwashewa, domin tsohon zai cinye sabon. Ukun ake sauyawa tare. A haɗa sarƙar da mahaɗin da ake dannewa da na'ura, ba mai ɗan kilif ba, a ɗaure notin gaba da ma'aunin da littafi ya faɗa, a daidaita tayar baya ta miƙe, a bar wa sarƙa sassaucin da aka rubuta. Wankinta da kananzir ne, fetur yana lalata robobin da ke cikinta.

In zirga-zirgarka ta cikin gari ce a kan 600cc, ka fara da ƙara biyu a baya, ka hau na wasu makonni kafin ka yanke hukuncin taɓa na gaba. In matafiyi ne kai, ko babur ɗinka 1000cc ne, ka zauna a kan lissafin kamfani, kuɗin ka sa su a taya mai kyau da birki.